Saniyar Saloma Ta Bar Tuƙa

"Tsohuwa, har yanzu ba ki mutu ba?"

"In mutu in bar wa wa kai? Shigo, mijin banza, miji marar cefane."

Hakan Saloma ta tarbi jikanta Kalibu, malamin lakwal, makarantar boko, a Maraɗi, wanda ya tako garin Tsibiri da kekensa cikin rana. Ta san abin da ya kawo shi. Bana ruwa ya ƙi, gero ya ƙone tun bai yi kai ba, sojoji na rabon dawa a gari amma rabon bai isa ba. Saura saniya guda a gidan, ƙashi da fata, kuma tun watan jiya yake roƙonta a kai ta kasuwa tun tana iya takawa.

Ta ce masa tana tunani tukuna. Ya zauna bisa turmi, ya share zufa, ya ce ai wanga irin tunani nata Turawan Ingila suna da suna gare shi, wai ruminet. Ya ji shi bakin wani likitan mishan. Ana faɗinsa ga mutumin da ya riƙe magana guda yana juya ta bai yanke ba. Asalinsa kuwa daga Latin, kuma tuƙa yake nufi, yadda saniya ke maido abin da ta haɗiye ta sake tauna.

"Wato saniya ka ce da ni."

"Ina! Saniya na da haƙora."

"To ashe wurin shanu Turawa suka koyi tunani. Kai kuwa da ka yi boko wurinsu, almajirin saniyata ne. Ka tashi ka gaishe ta."

Ya tashi, ya rusuna gaban saniyar har ƙasa. Sai ya daɗe bai ɗago ba. Ya tambaya yaushe rabon da a ga bakinta na motsi. Saloma ta kau da kai. Tun shekaranjiya ta lura, ba ta dai faɗa wa kowa ba. Babu abin da ya rage a cikin saniyar da za ta maido.

"Kaka, in ta kwanta ba ta tashi. Mahauta ba su sayen mushe."

"Yara ba mushe suke ce maka a lakwal ba? Ga shi gwamnati na biyanka."

"Wancan na Faransanci ne, malam yake nufi."

"Duk wari guda." Ta yi dariya. "Mushe ɗaya ya ishi gidan ga. Ba ni iyawa da biyu."

Ta miƙe da kyar, ta kwance igiyar da hannunta, ta shafa wuyan saniyar, ta miƙa masa ba ta dube shi ba.

"Ka bar keken nan. Ka bi da ita ta gulbi inda ke da inuwa, in ta tsaya ka tsaya. Don Allah, maigida, kada ka ja ta."