Ranar Da Muryata Ta Tafi Hutu Ba Da Izinina Ba

Ba zan taɓa mantawa da dogon hutun wata damina ba, farkon shekarun saba'in, lokacin ina malamin waƙa a wata firamare a Ajingi. An tara mu a Gaya domin kwas na malaman waƙa, aka kawo mana wani dattijo daga Kano, Malam Sule, ya koya mana sarrafa numfashi da jagorantar yara.

Ni aka zaɓa in ja waƙar rufe kwas a gaban jami'in ilimi. (Kaina ya kumbura har hulata ta fara matse ni.) Ana gab da taron aka sallame mu mu koma gida na ɗan lokaci. Malam Sule ya ce, "Ku je ku huta. Kai musamman, ka rufe bakinka, murya ma tana gajiya."

Na ce, "To, Malam." A zuciyata kuwa na ce hutu na raggwaye ne.

Ina isa Ajingi na saɓi fartanya na shiga gonar gyaɗarmu. Ina noma ina rera waƙa, tun hantsi har la'asar. Ruwa ya sauko, ban fasa ba. Maƙwabcinmu na gona har ya rugo da sanda, wai ya zaci maciji ne ya sare ni. Inna ta ce, "Ɗan nan, idan ba ka tausayin maƙogwaronka, ka tausaya wa kunnuwanmu." Na ce, "Inna, aikin gwamnati ne."

Ranar taro na hau keke zuwa Gaya, maƙogwarona kamar na haɗiyi ƙaiƙayi. Na yi ta gaya wa kaina zai washe. Aji ya cika da hedimastoci da manyan gari, abokan kwas sun jeru a bayana. Na gyara riga, na cika ƙirji da iska yadda aka koya mana, na buɗe baki.

Abin da ya fito, wallahi ban san shi ba. Wani siririn "meee" ne mai rawa.

Wani tsohon hedimasta da ke gyangyaɗi ya farka firgigit, ya leƙa ƙarƙashin benci, ya ce, "Wa ya taka ɗan akuya?" (Da gaske yake tambaya, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.) Aji ya tuntsire da dariya, jami'in ilimi yana ɓoye fuska a hannun riga.

Na sake gwadawa. Ɗan akuyan ya sake amsawa.

Amma na rantse ba zan zauna ba. Na juya ga abokaina, na yi musu raɗa, "Ku ɗauka!" Na dinga buga tebur ina ba su karin waƙar da hannu, gumi na zuba, har muka kai baitin ƙarshe.

Malam Sule bai yi min faɗa ba. Zuma da citta ya sa aka kawo min, ya ce, "Baɗi ma kai za ka ja. Amma daga yau, shiru."

Baɗin na dawo na ja waƙar lafiya lau, sai dai har na yi ritaya Malam Ɗan Akuya ake kirana.

Tun daga lokacin, duk hutu sai na ware wa kaina kwanakin kwanciya a gindin darbejiya, baki a rufe, murya tana hutawa. In maiɗakina ta ce, "Malam, kwance kake har yanzu?" sai in ɗaga mata hannu kawai. Ina bakin aiki ne.