Buhun Ƙasar da Na Ɗora wa Dakta

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da aka kira ni taro a Funtua ba. Ni mai haƙa rijiya ne, shekara talatin ina cikin rami, ban taɓa zama a aji ba. Wasu malaman jami'a masu nazarin ƙasa da duwatsu suka aiko, wai yanzu suna so a sa kowa a harkar: mata, naƙasassu, da irinmu marasa boko. (Duk shekarun nan ba wanda ya tambaye ni komai, sai da aka tashi neman cika kujeru.) Aka ce in zo da irin ƙasar da nake tonowa, kuma a taron za a zaɓi wanda zai riƙa bin su neman ruwa a ƙauyukan Malumfashi. Ina son aikin nan, don gwiwoyina sun fara ƙin rami.

A bakin ƙofa na ga wata siririyar mata da hijabi, tana ɗingishi. Na ɗauka cikin masu raba ruwan leda take.

Na ce, "Ke, ɗauki buhun nan ki kai ciki."

Ta ɗauka. Ta leƙa ciki ta ce, "Baba, wannan marmarar a zurfin gaba nawa ka same ta?"

Na ce, "Ba ruwan mace da cikin rijiya. In mace ta leƙa sabon rami, ruwa gudu yake." Haka wanda ya koya mini haƙa ya gaya mini.

Ta ce, "To, Baba."

Da aka ba ni abin magana, na zage. Na ce ku 'yan boko rigar mutum kuke kallo ku raina shi, ba ku tambayar abin da ke kansa. Aka tafa. Na zauna ina hura hanci.

Sai mai gabatarwa ya ce shugabar aikin, Dakta Rabi, ta taso. Mai ɗingishin nan ta miƙe, da jar ƙasar buhuna a kafaɗar hijabinta.

Ta haska hoto a bango, wata rijiya a garin Ƙarfi. Daga bakin rijiyar na gane ta. Tawa ce, wadda na bari a gaba goma sha ɗaya, na rantse wa mutanen gari babu ruwa. Hoto na biyu, ga Dakta a ƙasan ramin, an zura ta da igiya. Na uku, mata na jan guga.

Ta ce, "Gaba biyu kawai ya rage. Na leƙa, har na shiga, ruwan bai gudu ba. Amma ramin ya miƙe sarai, mai haƙar ya san aikinsa."

Wani ɗan Ƙarfi daga baya ya ce, "Ai ga shi nan, mai jawabi."

Na nemi inda zan sa fuskata na rasa. Da ramin na kusa, da na koma ciki.

Ta ɗauke ni aikin. Wata shida ke nan ni ke ɗaukar mata buhu, ba ta taɓa tuna mini ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Yanzu kafin in ɗora wa mutum kaya sai na tambayi sunansa. Kafin in yi wa jama'a wa'azi kuwa, sai na duba ko akwai ɗan Ƙarfi a ɗakin.