A Duniyarki An Haramta Kananzir

Zuwa ga Mai Girma Manhajar Tsara Riba,
Uwar lissafi, mai ganin jibi tun shekaranjiya,
Ofishin Tsare-tsare, hawa na uku, dab da na'urar sanyaya ɗaki.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta na ƙasa ga na sama, da fatan ba a ɗauke miki wuta ba. Ni ne mai kula da tankin kananzir na matatar man nan, yau shekara ashirin da biyu. Ba mu taɓa haɗuwa ba, don katina ba ya buɗe ƙofar hawanku, amma na ji an ce ke kike yanke abin da za a tace kowane wata. Ina da 'yan koke-koke.

Na ɗaya. Wata uku ke nan kina rubuta sifili a gaban kananzir. Tankina ya bushe ƙayau. Idan na yi tari a bakinsa, sai ya amsa mini sau biyu, kuma a halin yanzu shi kaɗai ke amsa mini magana a kamfanin nan.

Na biyu. Mijin ƙanwata, wanda ke aiki a ofishinku, ya tsegunta mini dalili. Wai baƙi ne suka zo daga ma'aikatar gwamnati suna son ganin yadda riba za ta kasance da a ce gwamnati ta haramta kananzir. Aka danna miki maɓallin “da a ce”, kika zana musu layuka masu launi, aka tafa. Sai aka kira cin abinci, kowa ya bi baƙi, ba wanda ya mayar da maɓallin. Tun ranar kike zaune a wata duniya, mu kuma muna bin umarninki a wannan. Ranki ya daɗe, a duniyar taki akwai gidan haya mai sauƙi?

Na uku. Ba a haramta kananzir ba. Na rantse. Direbobin tanka suna layi a bakin ƙofa, har sun shanya wanki a jikin motocinsu. Wani ya fara kiwon kaji.

Na huɗu. Kowa a hawa na uku ya san da maganar maɓallin, amma an rasa mai taɓa shi, domin manaja ya riga ya nuna wa manya zanenki, an ba shi lambar yabo ta hangen nesa, tana rataye a bango. Wa zai ce masa nesan da ya hango babu shi? Na yi wa injiniya maganar, ya dafa kafaɗata ya ce lissafi ba ya ƙarya. Ni ma ban ce kin yi ƙarya ba, Allah ya sawwaƙe. Amsarki daidai take, tambayar ce ta wasa.

Na biyar, kuma shi ne mai ciwon. Kin lissafa cewa tankin da babu komai a cikinsa ba ya buƙatar mai gadi. An miƙo mini takardar sallama, ƙarshen watan nan zan ajiye hular kwano. Raina ya ɓaci matuƙa, kuma tsoro nake ji.

Ba na roƙon ki taɓa maɓallin, na san ba ki da hannu. Amma tunda an ce gwaninki shi ne nemo hanya mafi sauƙi cikin dubu, ki taimaka ki lissafa mini wannan: mutum ne mai shekara hamsin da uku, da 'ya'ya huɗu a makaranta, kullum matarsa tana goge masa kayan aiki tana yi masa addu'ar ƙarin girma. Ta wace hanya zai faɗa mata? Ni na gwada sau tara, duk a bakin ƙofa maganar ke maƙalewa.

Naki mai biyayya har ranar talatin ga wata,

Mai Gadin Busasshen Tanki