Mai Albasa Za Shi Rara

"Lahiya lau, mijina. Amma tsaya daga can, idona ya soma hawaye."

Turai ke nan, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba mu da ita a Wurno, tana amsa gaisuwar jikanta Yusha'u, manomin albasa. Ran nan ne za shi garin Rara gaida iyayen budurwarsa Bara'atu karon farko, ita ko yarinyar ta riga ta ja masa kunne a kan warin albasa. Tun shigowarsa tsohuwa ta lura yana sosa hannu.

"Hawayen kishi ne, tsohuwa. Yau saki zan ba ki."

"Saki kuma? Da wane tuwo ka riƙe ni? Mi ke cikin aljihun nan?"

Ya fito da 'yar kwalba. "Man shafawa. Ƙamshinai daga fure anka tatso shi. Mai shago ya ce shina gyara fata, kuma tsiro ne zalla, ba shi cuta."

"Barkono ma tsiro ne. Shafa shi ga ido."

"Ke mi kika sani? Rabonki da ƙamshi tun ba a yi dam ɗin Goronyo ba."

"Miƙo hannun da kake sosa."

"Sauro ne."

"Sauro mai ƙamshin fure? Nan mai shagon ya ɗiga maka jiya?"

Yusha'u ya miƙa hannun. Wurin ya yi ja, ƙuraje sun fito reras. Turai ta duba a tsanake, ta saki hannun.

"Madalla. Shafe fuska duka, har kunne. Kana isa Rara ka kumbura, su ce wanga ba shi ne munka ji labari ba. Ka dawo mini, ni ba ni tsoron kwaɗo."

"Abokina Maccido fa shina shafa shi, ba abin da ya same shi."

"To aro fatar Maccido ka tahi da ita."

Ta shiga ɗaki ta fito da kasko da ƙullin kajiji.

"Wanke hannun, ka tuɓe rigar in turara ta. Da wanga na kama kakanka, shi ko kifi yake kamawa a gulbin Rima."

Yusha'u ya tuntsire da dariya, ya ajiye kwalbar, ya tuɓe riga.

"Na janye sakin."

"Janye ko kar ka janye," in ji Turai tana hura garwashi. "Ni dai so nike Bara'atu ta kwashe ka in huta."