Haɓar Shugabanci

Duk kamfanin jigilar kayan nan babu kamar Mataimakin Manaja, wanda direbobi ke kira Ginshiƙi. Shi ya raɗa wa kansa sunan, domin kullum sai ya ce, "Ranar da na matsa, rufin nan zai rufto." Mutum ne mai himma. Yakan sa hannu a takarda ba tare da ya ɓata lokacin karanta ta ba, kuma tarinsa kaɗai kan sa masinja ya miƙe tsaye.

Abu ɗaya ya rage masa: haɓa. Daga leɓensa na ƙasa sai wuya, kamar an fara gini kuɗin siminti ya ƙare. Ya gwada tara gemu, gashi bakwai suka amsa gayyata.

Da aka ce Manaja zai yi ritaya, Ginshiƙi ya tsaya gaban hotunan tsofaffin manajoji da ke jere a zauren taro, ya yi nazari mai zurfi. Ya gano sirrin: kowannensu yana da muƙamuƙi kamar durowar tebur.

"Shugabanci a ƙashi yake," ya gaya wa matarsa.

"Baban yara, shekara goma sha tara nake kallon fuskar nan, ban taɓa kai ƙara ba."

"Ke ba kya cikin kwamitin zaɓe."

Ya ɗauki hutun mako shida, ya ce zai je kwas na manyan ma'aikata. Ashe asibiti ya nufa. Likita ya tsaga, ya cusa masa sabuwar haɓa, ya ɗinke. Ginshiƙi ya dawo gida kai naɗe da bandeji kamar ƙunshin aike, yana zuƙar romo ta bututu, yana ba da umarni da gurnani. Autarsa ta yi kwana huɗu ba ta shiga ɗakinsa ba.

A ofis kuwa, aka ɗora aikinsa a kan sakatariyarsa, wata mai sanyin murya da ya saba kira "ke". Ma'aikata suka zuba ido su ga ruftowar rufi. Shiru. Motoci suka riƙa fita kafin ƙarfe takwas. Takardar da kan kwana tara a teburinsa ta koma fita kafin shayi ya huce.

Ranar da ya dawo, haɓar ce ta fara shiga zauren taro, shi yana biye. Ya zauna a karkace don kwamiti ya samu ganinta ta gefe. Leɓen ƙasa bai gama farfaɗowa ba, saboda haka jawabin ya fito haɗe da yayyafi.

"Kamfani yana buƙatar sabuwar fuska," in ji shi, yana shafa ta.

Shugaban kwamiti ya goge tabaransa. "Mun yarda da kai ɗari bisa ɗari. Hutun nan naka ya buɗe mana ido."

Aka ba sakatariya kujerar Manaja. Shi kuma aka mayar da shi sashen karɓar baƙi, wai fuska irin wannan bai kamata a ɓoye ta a cikin ofis ba.

Yanzu yana nan bakin ƙofa, yana nuna wa mutane hanyar bene. Ba ya ko ɗaga hannu. Da haɓa yake nunawa.