Tarwaɗar Da Ta Cinye Mini Kwalliya

Ba za ni taɓa mantawa da Juma'ar da na tara mutane kallon kifi a gidana ba.

Ni malamin firamare ne a Sabon Birni. Abin ya faro ne ranar da na raka wani abokin aikina asibitin haƙori a Sakkwato. A ɗakin jira na ga akwatin gilashi cike da ruwa, da fitila a samansa, ga wasu 'yan kifaye kamar an rina su da hannu. Wani wutsiyarsa ja da shuɗi tana kaɗawa kamar gyale, wani baƙi ƙirin yana sheƙi. Har aka cire wa abokina haƙori ya fito riƙe da kunci ina tsugune gaban gilashin ina tasbihi. A nan na ƙudurta sai na ajiye irinsa a falona.

Watanni biyu bayan haka na koma Sakkwato, wurin wani mai kifin ado da ake kira Sanusi. Mutum ne mai haƙuri. Ya ba ni akwatin da ɗan injin da ke hura iska, ya ce in je in zuba ruwa in kunna injin na kwana bakwai tukuna, sannan in dawo ɗaukar kifi. Na yi hakan (da ƙyar, don kullum sai na zauna ina kallon ruwa tsura, matata Hadiza na kallona).

Da na koma, na nuna wasu manya masu faɗi kamar faifai. Sanusi ya girgiza kai.

"Malam, waɗanga sai gwani. Ruwa ya ɗan canza, sun mutu. Mai farawa gofi da moli yaka ɗauka. Suna jure zahi, ba su da tsirfar abinci, kuma ba su faɗa."

Ya ƙulla mini gofi shida da moli biyu a leda mai iska. Ya ce abinci ɗan kaɗan, abin da za su cinye nan take. Yana cikin cewa, "Sannan kada ka kuskura ka haɗa su da..." sai na tare shi.

"Haba Sanusi, ni fa a bakin gulbi na tashi. Kuma surukina masunci ne a Isa."

Ya yi murmushi ya bar ni. (Gaskiyar magana, iyakar sanina da kifi shi ne a cikin miya.)

Surukin nan nawa, Baba, shi ne ainihin wanda nake son burgewa. Dattijo ne mara yawan magana, hannunsa duk kanta saboda jan taru. Bai taɓa faɗa mini maras daɗi ba, amma kullum ina jin kamar yana mini kallon mutumin da bai iya komai ba sai riƙe alli. Na ce to, ga dama ta samu, za ni nuna masa kifin da bai taɓa gani ba. Na aika masa ya zo ranar Juma'a, na kuma gayyaci maƙwabta uku da hedimastanmu.

Ranar Laraba a kasuwa na ga 'yar tarwaɗa da rai a bokitin wani mai kifi, tsawonta bai kai tafin hannuna ba. Sai wata dabara ta zo mini: baƙin kifi daga birni, ga kuma 'yar gida a cikinsu, ai Baba zai ji daɗi. Na kawo ta na saka. Ta nutse ƙasa ta lafe bayan duwatsu, ladab kamar sabuwar ɗaliba.

Ranar Alhamis da la'asar na kashe fitilar akwatin na rufe shi ruf da sabon zanen Hadiza, na ce kada wanda ya ɗaga sai baƙi sun hallara. Ina son a yi buɗewa irin ta manya.

Bayan an sauko daga masallaci aka cika falo. Aka ci tuwo. Na miƙe na gyara hula, na yi jawabi (ƙwarai kuwa, jawabi) a kan gofi da moli da yadda ake zaɓar kifi da ilimi. Sannan na ce bismillah, na yaye zanen, na kunna fitila.

Ruwa garau, iska na tashi ƙwal-ƙwal, fitila na haske. Babu ja, babu shuɗi, babu baƙi. Sai tarwaɗa ita kaɗai a tsakiya, cikinta ya yi tulu.

Kaina ya ɗaure. Maimakon in yi shiru, sai na juya wajen ƙofar ɗaki na ɗaga murya:

"Hadiza! Wa ya taɓa mini kifi? Ko ke kika kwashe su?"

A gaban mahaifinta fa. Daga bayan labule ta ce, a sanyaye, "In kwashe su in yi mi da su, Malam? Ko cokali ba su cikawa."

Hedimasta ya soma tarin da na san dariya ce. Baba kuwa ya taso, ya duƙa, ya ɗora yatsa a gilashi daidai cikin tarwaɗar.

"Malam, ɓarawonka na nan ciki. Wagga, duk abin da ya shiga bakinta abinci na. Kuma ka sa mata duhu, lokacin farautarta ke nan."

Na so ƙasa ta buɗe. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, amma sai na lura Baba ba ya saurarena. Ya zauna dirshan a ƙasa, fuskarsa dab da gilashi.

Tarwaɗar ta motsa. Ta taso a hankali, jikinta na lanƙwasa tun daga kai har wutsiya, gashin bakinta na laluben duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Ta hau sama ta buɗe baki ta haɗiyi iska, ta juyo ta sauko kamar ba ta da nauyi.

"Subhanallahi," in ji Baba, can ƙasa-ƙasa. "Tun ina yaro nike kama wagga halitta. Kullum daga bisa nika ganin ta, ko cikin taru tana hauka. Ban taɓa ganin yadda take tahiya cikin gidanta ba sai yau. Ashe haka take da natsuwa."

Maƙwabtan da suka zo kallon kifin birni suka matso suka durƙusa, manyan mutane da gemu, suna kallon tarwaɗar da kowannensu ya ci ɗaruruwanta. Ni ma na durƙusa, kunyar tana nan, amma tsigar jikina na tashi. Har aka kira la'asar ba wanda ya motsa.

Baba ne ya hango wata 'yar gofi guda da ta maƙale bayan injin iska, ta tsira. Da zai tafi ya sa tarwaɗar a bokiti ya ce gulbi zai maida ta, don bai iya cin wadda ya zauna ya kalla haka. Ashe ciki ne da ita: bayan mako biyu gofin nan ta haihu, ba ƙwai ba, 'ya'ya masu rai, ƙanana kamar tsinin allura da idanu. Da na gaya wa Baba a waya bai yarda ba. Washegari sai ga shi a kan babur tun daga Isa.

Na koyi cewa kafin ka haɗa biyu ɗaki ɗaya, ka fara duba faɗin bakin kowannensu. Na kuma koyi cewa laifin da aka yi wa mace gaban babanta ba ya tsufa. Har yau in Hadiza ta soya kifi ta ajiye mini, sai ta ce, "Malam, duba da kyau, ba naka ba ne."