Injiniya da Maɓallin Motar Yaya

Tun da asuba Injiniya ya fito ƙofar gida cikin farar riga mai dogon hannu, ya shimfiɗa tawul a kan bonet, ya jera kayan aiki: sukudireba, wuƙar yanka albasa, cokali mai yatsu da tocila. Likita mai shirin tiyata bai kai shi natsuwa ba. Mutum ne da unguwa ke tinƙaho da shi. Bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba, hatimi yake bugawa a ofis, amma tun ranar da ya canza ƙwan fitila ya bi shi da bayanin rabin yini sunan ya kama shi. Shi kuma bai ga dalilin musantawa ba.

Motar ba tasa ba ce. Yayan matarsa ne ya yi doguwar tafiya ya bar masa ajiya, ya ce kada ta fita ko nan da can. Injiniya ya fahimci maganar da zurfin ilimi. Ta je ofis, ta zaga gidajen abokai, har ya fara ce mata "'yar ƙaramar motar tawa". Irin wadda ba a murɗa makulli ce, maɓalli ake dannawa. Shi kuwa dannawar manya yake yi, da ƙarfi, ido a kan masu kallo. Jiya maɓallin ya gaji, ya nutse ciki bai dawo ba. Yau kuma mai mota zai sauka.

Matarsa ta leƙo. "Baban yara, ka kira makanike mana. Ka san halin Yaya a kan motar nan."

"Makanike? Mutanen da guduma ce likitansu? Maman yara, koma ciki. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne."

Ya riga ya sayo sabon maɓalli, ja, domin a bincikensa ja ya fi saurin tayar da inji. Ya kalli rabin bidiyon gyaran a waya ya kashe, ya ce sauran maimaici ne.

Rana na fitowa 'yan kallo suka samu: tela, mai wanki, da mai gadin gidan kusa. Injiniya ya zura wuƙa a gefen robar da ta kewaye maɓallin, ya banƙara. Ƙas! Tsaga ta tafi har bakin rediyo.

"Wannan ƙarar ake nema," in ji shi. "Alamar roba ta saki jiki ke nan."

Ya sake banƙarawa, 'yan haƙoran da ke riƙe maɓalli suka zube ƙarƙashin kujera. Ya ce dama kamfani ya sa su ne don tsorata jahilai. Ya zare tsohon, ya cusa wayar lantarkin da ke bayansa a sabon, ta shiga da ikon Allah. Sai dai maɓallin ya ƙi zama a raminsa, yana lilo kamar haƙorin tsoho.

Nan basira ta motsa. Ya ɗauko gam mai kamawa nan take, ya matse kwalbar kaf, ciki da waje. Ya zauna, ya tokare ƙafa a birki don ya sami ƙarfi, ya danna da babban yatsa. Mota ta tashi.

Tela ya tafa. Injiniya ya gyara murya, yatsa na nan a kan maɓalli, ya shiga jawabi. Ya yi magana a kan lalacin matasa, da makanikai masu cutar jama'a, da yadda ƙasashe ke ci gaba idan sun saurari irinsu. Gam dai bai saurara ba, aikinsa yake yi.

Da ya zo ɗaga hannu ya jaddada wata magana, hannu ya ƙi zuwa. Ya ja, ya tura, mota ta mutu. Ya motsa, ta tashi. Ya yi atishawa, ta sake mutuwa.

"Gwaji nake yi," ya ce, gumi na bin kwalar farar riga.

Ana haka tasi ta tsaya. Yaya ya fito da jakarsa, ya zo ya leƙa ta taga. Ya dubi tsagar, ya dubi wuƙar albasa a kan kujera, ya dubi gam da ya gangaro ya daskare a kan giya. Bai ɗaga murya ba.

"Fito min daga mota."

Injiniya ya yunƙura don girmamawa, mota ta tashi. Mai wanki ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Mai gadi ko juyawar bai yi ba.

Injiniya ya lallaɓa hannun hagu ya danna abin ɗaga gilashi, ko ya ɓuya wa idon unguwa. Gilashi ya taso a hankali, ya kawo daidai hancinsa. Yatsan da ke manne ya motsa, mota ta mutu.